Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin da ya nemi hanyar teku daga Sakkwato

Mutane da dama sun san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen yaƙi da rubuta littattafai, amma ba kowa ya san irin fafutukar da ya yi kan shigo da hajar ƙasashen waje ba.

An haifi Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1781, ya kuma gaji mahaifinsa a 1817.

A zamaninsa, kayan da ake kawowa daga Turai, kamar takarda da yadi da bindigogi, raƙuma ne ke ɗauko su daga Tarabulus ta cikin Sahara. Kafin ayari ya iso Kano ko Sakkwato, fatake sun biya kuɗin fito a wurare da yawa, abin da ke sa kayan tsada.

Shi ya sa da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya tattauna da shi kan buɗe ciniki ta bakin teku. Ya aika wa Sarkin Ingila George na Huɗu wasiƙa, inda ya nemi a turo masa jakada da likita.

Sai dai da Clapperton ya dawo a 1826 ta hanyar Badagry, ya tarar ana zaman doya da manja tsakanin Sakkwato da Borno. A cikin kayansa kuwa akwai wasiƙa da makaman da zai kai wa Shehu El-Kanemi. Bello ya hana su wucewa, don a ganinsa ba a barin makami ya ratsa ƙasa zuwa hannun abokin gaba.

Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827, kuma maganar cinikin ta bi ruwa.

A cikin gida, Bello ya ƙarfafa sana'o'i da kasuwanni, ya kuma kafa garuruwan ribaɗi. Mafi shahara shi ne Wurno da ke kwarin Gulbin Rima, inda ya rasu a 1837. Har gobe jama'a na ziyartar hubbarensa a can.

Yau kusan shekara 200 ke nan, kuma ɗan kasuwar Wurno ko Rabah ko Goronyo na sayen kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, inda kwastam ke karɓar kuɗin fito.