Tarihin Marigayi Bishop Edward Lawton, Bishop na Farko na Sakkwato

A wannan fitowa mun ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah wanda da yawanmu mun ji sunansa a bakin iyayenmu, amma ba mu san irin wahalar da ya sha a ƙasar nan ba.

An haifi Edward Thaddeus Lawton a birnin Boston na ƙasar Amurka a shekarar 1913. Ya shiga ƙungiyar Dominikan ta ɗarikar Katolika, aka naɗa shi Fada a 1943. A 1951 ya iso Legas tare da Fada Michael Dempsey da Fada Arthur Kinsella, suka kama aiki a cocin Dominikan da ke Yaba. A 1953 Paparoma ya ware lardunan Sakkwato da Katsina su zama yanki mai zaman kansa, a 1954 kuma aka danƙa wa Lawton shugabancinsa. A Gusau aikin ya fara kafuwa, garin da jirgin ƙasa ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Kiristoci ba su da yawa, garuruwa suna nesa da juna, ga zafin rana da bai saba da shi ba. A 1964 yankin ya zama cikakkiyar diyosis, shi kuma ya zama Bishop na farko.

Bai cika shekara biyu a kan kujera ba sai duhu ya sauko. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. A ƙarshen watan Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, ta sake dawowa da muni a Satumba da Oktoba. Mafi yawan mabiyansa 'yan ƙabilar Ibo ne. Aka kashe waɗansu, sauran suka tattara abin da za su iya ɗauka suka nufi Gabas. Majami'un da aka yi fiye da shekara goma ana tara wa jama'a suka koma kusan fanko.

A nan ne aka gane irin bangaskiyar mutumin. Yana da ƙasar da zai koma, amma bai bar bakin aikinsa ba. Makiyayin da garkensa ya watse a gaban idonsa, ya ci gaba da addu'a da hidima tare da 'yan kaɗan da suka rage, ba tare da ya san ko sauran za su dawo ba. Ranar 19 ga Disamba, 1966, ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 53. Bai ga farfaɗowar aikin da idonsa ba.

Abokin tafiyarsa, Michael Dempsey, shi ya gaje shi a 1967. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 jama'a suka fara komowa, aikin ya sake tsayawa da ƙafafunsa.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya, ko aiki, ko lafiya, har suna ganin kamar Ubangiji ya yi shiru. Mu tuna da wannan dattijo da ya riƙe amanar da aka ba shi a lokacin da babu alamar sauƙi. Allah ya ba mu irin haƙurinsa, amin.