Atanasiyus na Iskandariya: Bishop da Ya Tsare Mana Ma'anar Kirsimeti

'Yan'uwa cikin Kristi, kowace shekara mukan taru ranar Kirsimeti mu yi murna cewa Allah ya zama mutum domin cetonmu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa an yi zamanin da wannan koyarwa ta kusa suɓuce wa ikkilisiya, kuma ɗan Afirka ne ya tsaya tsayin daka ya kāre ta. Sunansa Atanasiyus.

An haife shi a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 296. Yana yaro aka soma babban tsanani a kan masu bi, a shekara ta 303, zamanin Sarki Diyokletiyan. Da ya girma sai Bishop Alekzanda ya ɗauke shi magatakarda, ya naɗa shi dikon.

A lokacin nan ne wani limamin ikkilisiya a birnin, mai suna Ariyus, ya soma koyar da cewa Yesu halitta ne. Ya yarda Yesu ya fi dukan halittu daraja, amma a ganinsa ba daidai yake da Uba ba. Gardama ta yi zafi har Sarki Konstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a shekara ta 325. Atanasiyus ya raka maigidansa. Majalisar ta ƙi koyarwar Ariyus, ta tabbatar cewa Ɗan ainihinsa ɗaya ne da Uba. A shekara ta 328 Alekzanda ya rasu, Atanasiyus ya gāje shi.

Me ya sa ya ɗauki maganar da zafi haka? Hausawa sukan ce zuwa da kai ya fi saƙo. Idan Yesu halitta ne, ashe Allah aike kawai ya yi mana, bai zo da kansa ba. Halitta kuwa ba ta iya fanshi 'yar'uwarta halitta daga mutuwa. Cikin littafin da ya rubuta a kan zaman Kalman Allah mutum, Atanasiyus ya kawo misalin hoton da aka zana a kan allo, datti ya ɓata shi. Ba a yar da allon, sai dai mai kamannin ya sāke zuwa a sabunta zanen. Haka aka halicce mu cikin kamannin Allah, zunubi ya ɓata mu, sai shi da kansa ya zo ya gyara. Ya kuma ba da misalin sarkin da ya sauka a gida ɗaya cikin gari: darajar saukarsa takan rufe garin duka, 'yan fashi su ji tsoron matsowa. Da Ubangiji ya ɗauki jiki ɗaya irin namu, dukan 'yan Adam ne aka girmama.

Riƙon wannan gaskiya ya jawo masa wahala ƙwarai. A taron Taya, shekara ta 335, magabtansa suka ce ya kashe wani bishop mai suna Arseniyus, ya yanke hannunsa don yin tsafi. Sai ga Arseniyus an fito da shi da rai, da hannuwansa biyu lafiya. Duk da haka aka ƙulla masa wani sharrin, wai zai hana jiragen hatsi tashi daga Masar zuwa birnin sarki, aka kore shi zuwa Tiriya, cikin Jamus ta yau. A shekara ta 356 sojoji suka auka wa majami'a da dare yana bi da sujada, ya tsira da ƙyar, ya yi shekara 6 yana ɓuya a wurin masu zaman kaɗaici cikin hamada. Sau 5 aka kore shi, a hannun sarakuna 4, wajen shekara 17 ke nan cikin shekara 45 da ya yi yana bishop.

Duk da haka bai bar aikin kiwo ba. Shi ne ya keɓe Furumentiyus ya zama bishop na fari a Habasha. Cikin wasiƙarsa ta Ista ta shekara ta 367 ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai yadda suke a hannunmu yau. Ya rasu a Iskandariya ran 2 ga Mayu, 373. Bayan shekara 8 majalisar Konstantinoful ta sāke tabbatar da bangaskiyar da ya sha wuya dominta.

Mu fa? Sau da yawa hankalinmu ya fi karkata ga sabon ɗinki da shinkafa da nama a lokacin bikin. Waɗannan ba laifi ba ne, amma babbar kyautar ita ce Mai Bayarwa ya ba da kansa. Wanda ya gane haka ba zai raina maƙwabcinsa ba, ko matalauci ne, ko baƙo, ko wanda ba addininsu ɗaya ba, gama jiki irin nasa Ubangiji ya ɗauka. Bari mu koya wa 'ya'yanmu wannan a gida da makarantar Lahadi. Allah ya ba mu ƙarfin tsayawa kamar bawansa Atanasiyus. Amin.