Dakta Ernest Amory Codman: Likitan Da Ya Buga Kurakuransa A Littafi (1869-1940)

An haifi Ernest Amory Codman ranar 30 ga watan Disamba, 1869, a birnin Boston na ƙasar Amurka, cikin wani gida mai asali da rufin asiri. Ya yi karatunsa a Jami'ar Harvard, inda ya sauke karatun likitanci a shekara ta 1895, ya kuma kama aiki a Babban Asibitin Massachusetts, wanda yake ɗaya daga cikin manyan asibitocin ƙasar. Duk wanda ya dubi asalinsa da iliminsa a lokacin zai ce ɗaukaka da dukiya suna jiransa. Amma ya mutu ba shi da abin hannu, abokan aikinsa da yawa sun juya masa baya, saboda wata tambaya guda da ya nace a kanta dukan kwanakin ransa: mene ne ya faru da majiyyaci bayan an sallame shi?

Halin nan nasa ya bayyana tun yana ɗalibi. A zamanin, ɗalibai ne ake ba aikin shaƙa wa majiyyaci maganin sa barci a ɗakin tiyata, ba kuwa wanda yake rubuta yadda jikin majiyyacin yake karɓar maganin. Codman da abokinsa Harvey Cushing, wanda daga baya ya zama mashahurin likitan ƙwaƙwalwa, suka ƙirƙiro wata takarda da suke rubuta bugun jini da numfashin majiyyaci a kai, daga farkon aiki har ƙarshensa. Irin wannan takarda ce ake cikawa a ɗakunan tiyata na duniya har wa yau. Da Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a ƙarshen 1895, Codman yana cikin likitocin farko a Boston da suka fara aiki da shi a 1896. A 1899 ya auri Katharine Bowditch, amma ba su sami haihuwa ba.

A farkon ƙarni na 20 asibitoci sukan ƙidaya gadajensu da kuɗin da suka kashe da yawan mutanen da suka kwantar, amma ba su bin sawun wanda aka yi wa aiki domin a san ko ya warke. Ana ƙara wa likita girma bisa ga daɗewarsa a aiki da sunan gidansu. Codman ya kawo wata shawara mai sauƙi. Kowane majiyyaci a buɗe masa kati, a rubuta abin da ya kawo shi, da cutar da likita ya ce yana da ita, da aikin da aka yi masa. Bayan shekara guda a neme shi a duba. In ya warke a rubuta, in bai warke ba a binciki dalili, a rubuta shi a fili, domin kada a maimaita kuskuren a jikin wani.

Shugabannin asibitinsa ba su yi na'am da shawarar ba. Saboda haka a 1911 ya buɗe nasa ƙaramin asibiti mai gadaje 12, domin ya gwada tsarin a kan kansa. Daga 1911 zuwa 1916 ya sallami majiyyata 337, ya bi labarinsu, ya ƙirga kurakurai 123, ya buga su duka a littafi da kuɗin aljihunsa, ya rarraba wa asibitoci. Ya kasa kurakuran kashi kashi: akwai na ƙarancin gwaninta, da na yanke shawarar da ba daidai ba, da na rashin kula ko rashin kayan aiki, da na kasa gane ainihin cutar. Ya kuma ware abin da ya fi ƙarfin likita, kamar cutar da ba ta da magani ko majiyyacin da ya ƙi a yi masa aiki. Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Codman ya fara da nasa tudun kafin ya nuna na kowa.

Sai dai kuma mutum ne mai kaifin harshe, wanda bai iya lallashi ba. A 1914 ya ajiye aikinsa a Babban Asibitin Massachusetts don ƙin amincewa da ƙarin girma bisa ga shekaru, sa'an nan ya rubuta takardar neman a naɗa shi shugaban likitocin tiyata, bisa hujjar cewa sakamakon aikinsa ya fi na sauran. A watan Janairu na 1915, a wani taron likitoci a Boston, ya buɗe wani babban zane a gaban jama'a. Zanen ya nuna jimina ta tusa kanta cikin rairayi tana watso ƙwayayen zinariya, likitoci kuma suna tarewa. Jiminar tana wakiltar attajiran birnin da suke biyan kuɗi ba tare da sun tambayi sakamako ba. Taron ya watse cikin fushi. Codman ya rasa matsayinsa na koyarwa a Harvard, likitoci suka daina turo masa majiyyata, samunsa ya ragu ƙwarai.

A watan Disamba na 1917 wani jirgin ruwa ɗauke da albarusai ya fashe a tashar Halifax ta ƙasar Kanada, ya hallaka mutane kusan 2,000, ya raunata dubbai. Codman ya bar asibitinsa ya tafi ba da taimako, daga nan kuma ya shiga aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya dawo gida a 1919 da bashi a wuyansa, asibitin nasa kuwa bai sake farfaɗowa ba.

A cikin wannan hali ne ya fara aikin da likitocin ƙashi suka fi tunawa da shi. An kawo masa wani majiyyaci mai sankarar ƙashi, ya nemi sanin maganin da ya taɓa warkar da irinta, sai ya tarar ba wanda yake da amsa tabbatacciya. Cutar ba ta da yawa, likita ɗaya ba ya ganin masu ita da yawa a dukan rayuwarsa, kowa kuma da sunan da yake kiranta da shi. A 1920 ya kafa rajistar sankarar ƙashi, tare da James Ewing na New York da Joseph Bloodgood na Baltimore, a 1921 kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta ɗauki nauyinta. Ya rubuta wa likitoci a faɗin ƙasar su aiko da tarihin kowane majiyyaci, da hoton ƙashinsa, da ɗan yankin tsokar da aka ciro, ƙwararru kuma su duba ɗaya bayan ɗaya. Binciken ya tona cewa da yawa cikin waɗanda ake alfahari an warkar da su ba su taɓa yin sankara ba tun farko. Rajistar ta kuma daidaita sunayen cututtukan, har mai ɗaukar hoto da mai duba tsoka da mai tiyata suka fara fahimtar juna.

Sunansa ya zauna a kan wata alama da ake gani a hoton ƙashi. Sa'ad da ƙari ya yi saurin girma, yakan ɗaga tantanin da yake lulluɓe da ƙashi, sabon ƙashi ya tsiro a gefen da siffa mai kusurwa uku. Ɗaliban likitanci suna kiranta kusurwar Codman har yau. A 1931 ya bayyana wani ƙari na guringuntsi da yake fitowa a ƙarshen ƙashin matasa, wanda shi ma ake kira da sunansa. A 1934 ya buga babban littafinsa a kan kafaɗa, sakamakon nazarin kusan shekara 30, inda ya bayyana yadda jijiyar kafaɗa take tsinkewa da yadda ake ɗinke ta.

Codman ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1940, sakamakon sankarar fata. An binne tokarsa a maƙabartar Mount Auburn, a filin dangin matarsa, ba ko dutsen da yake ɗauke da sunansa. Sai a 2014 ƙungiyoyin likitoci suka haɗa kuɗi suka kafa masa dutse. Amma tun yana da rai irin da ya shuka ya fara tsiro. Shi ne ya shugabanci kwamitin farko na daidaita ingancin asibitoci, kuma da aka duba asibitoci 692 a 1918, guda 89 ne kaɗai suka cika ƙa'idar da aka gindaya. Daga wannan aiki ne hukumar tantance asibitocin Amurka ta fito a 1951. Taron da likitoci suke yi a yau domin tattauna dalilin mutuwar majiyyaci ko taɓarɓarewar jinyarsa, shi ma yana da tushe a koyarwarsa.

Amfanin bin sawu ya bayyana sarai a kan cutar da ya yi wa rajista. Sankarar ƙashi ta fi kama matasa masu tasowa, ta kuma fi fitowa kusa da gwiwa, a ƙarshen ƙashin cinya ko a saman ƙashin ƙauri. Kafin shekarun 1970 yanke ƙafa ne maganinta, duk da haka waɗanda suke rayuwa ba su kai 20 cikin 100 ba. Da aka haɗa tiyata da magungunan kashe ƙwayoyin sankara, ana ƙirga sakamako a kowane mataki, yanzu fiye da 60 cikin 100 na waɗanda cutar ba ta bazu a jikinsu ba suna rayuwa a asibitocin da suke da kayan aiki, sau da yawa ma ba a yanke ƙafar, sai a cire ƙashin da ya lalace a sa na ƙarfe.

Wannan ya shafi iyalanmu kai tsaye. Yaro ko yarinya da take kukan ciwo kusa da gwiwa, mai tsananta da dare, da kumburin da ya ƙi sacewa bayan 'yan makonni, tana bukatar hoton ƙashi kafin a kai ta wurin mai ɗori, ko da an ce faɗuwa ta yi. Muna da asibitocin ƙashi na ƙasa a Dala ta Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, ban da asibitocin koyarwa. Iyaye kuma su adana katin asibiti, su koma ranar da likita ya sa ko da yaron ya ji sauƙi, gama da wannan komawar ce likita yake sanin ko aikinsa ya yi.