Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mawallafin Magana Jari Ce

Kowace al'umma tana da littattafan da yaranta suke buɗe ido da su. Mutanen Kanada, alal misali, suna da nasu cikin Ingilishi da Faransanci, kuma har yau suna ji da littafin Anne of Green Gables wanda Lucy Maud Montgomery ta wallafa a 1908. A ƙasar Hausa kuwa, idan aka tambayi ma'aikacin da ya yi firamare a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi littafin da ya fara karantawa don jin daɗi, ba don tsoron bulala ba, da wuya ya ambaci wani kafin Magana Jari Ce. Mutumin da ya rubuta shi ya rasu tun 1981.

An haifi Abubakar Imam a Kagara, wadda yanzu take cikin Jihar Neja, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, saboda haka ya fara da karatun allo da na littattafan addini kafin ya san boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a Katsina, can kuma Abubakar ya yi karatun zamani har ya shiga Kwalejin Katsina a 1927. Da ya gama a 1932 sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 ne wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Dalilinsa a fili yake: an koya wa yara karatu a makarantun elementare, amma babu abin da za su karanta bayan littattafan aji. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Shekarun Imam ashirin da biyu kacal a lokacin. Labarin Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, da irin ƙullin da suke yi wa juna gari bayan gari, ya nuna wa East cewa ya sami marubucin da yake nema.

Saboda haka a 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ce ya karanta ya fitar da abin da zai dace da yaran Hausawa. Cikin wata shida ya gama aikin, aka buga shi kashi uku daga 1937.

Ginin littafin shi ne abin lura. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun Waziri kuma yana ƙulla yadda zai hallaka yaron idan ya fita daga fada. Sai wani aku da aka saya a hannun Balarabe ya riƙa tsare Musa da labari kowane dare, har gari ya waye bai fita ba. A ƙarshe akun nan aka naɗa Waziri. A littafi na biyu ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Wannan dabara ta aku mai hana fita da labari tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa, kamar yadda saka labari cikin labari ya shahara a Alfu Laila.

A nan ne masu nazari suka daɗe suna ja-in-ja. Wasu suna ganin tun da an gano asalin labarai da dama a wasu harsuna, to aikin fassara ne aka yi masa ado. Gaskiya ne labarin Sarkin Busa ya yi kama da na mai sarewar garin Hamelin na Jamus, labarin Kalala da Kalalatu kuma, inda mace ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo sannan ta raba shi da maigida da wayo, yana da ɗan'uwa cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tattara. Amma wanda ya ɗora biyun gefe da gefe zai ga bambanci. Imam ya kawo zaure da fada da kasuwa da alƙali da dogarai, ya sa mutanen suna gaisawa da zolaya da rantsuwa kamar yadda ake yi a Katsina, ya cika zancensu da karin magana. Yaro a Zurmi zai karance littafin bai taɓa zaton labarin ya ƙetaro teku ba. Aro dai ya yi, bai kuwa ɓoye ba, sai dai abin da ya mayar ya fi abin da ya karɓa amfani ga mai karatun Hausa.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ba Imam aikin editanta na Hausa, ya riƙe shi kimanin shekara goma sha biyu. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta riga ta isa Ƙaura Namoda tun 1929, wato yankin bai yi nisa da inda ake ɗab'in ba. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugard, ya kuma bayyana masa koke-koken matasan Arewa masu ilmin zamani game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Daga baya ya shiga siyasa na ɗan lokaci, ya zama wakili a majalisa a 1951, sannan ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a zamanin da ake ƙoƙarin cika ofisoshi da 'yan ƙasa. Bai ajiye alƙalami ba duk da haka. Shi da East suka rubuta Ikon Allah don koya wa yara sanin halittu, ya kuma rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da littattafan tarihin Musulunci. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tsara. An sha sanya Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce cikin littattafan jarrabawar Hausa ta sakandare, gidan talabijin na NTA kuma ya taɓa mayar da labaran Waziri Aku wasan kwaikwayo. Allah ya jiƙansa da rahama.