Dick Francis

Richard Stanley Francis (31 ga Oktoba 1920 – 14 ga Fabrairu 2010), wanda aka fi sani da Dick Francis, mahayin dawakin tsere ne ɗan Birtaniya wanda daga baya ya shahara wajen rubuta littattafan binciken laifi.

Farkon rayuwa da sukuwa

An haife shi a Pembrokeshire da ke yankin Wales. Mahaifinsa ma mahayi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu ya tuƙa jiragen rundunar sojin sama ta Birtaniya. Bayan yaƙi ya rungumi tseren tsallake shinge, ya yi nasara sama da sau 350, ya zama zakaran mahaya a kakar 1953 zuwa 1954.

A shekarar 1956 ya hau Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, a gasar Grand National. Yana kan gaba, saura ƙiris ya kai layin ƙarshe, sai dokin ya zube rub da ciki, wani doki mai suna E.S.B. ya wuce shi. A 1957 ya bar sukuwa saboda raunuka, ya koma rubuta labarin tsere a jaridar Sunday Express.

Rubuce-rubuce

Littafinsa na ƙirƙira na farko, Dead Cert, ya fito a 1962. Ya rubuta sama da 40, galibinsu kan maguɗi, caca da cin amana a harkar tsere.

Fitaccen tauraronsa shi ne Sid Halley, tsohon mahayi da hannunsa na hagu ya nakasa a faɗuwar doki, ya koma mai bincike. Ya fito a Odds Against (1965), Whip Hand (1979), Come to Grief (1995) da Under Orders (2006). A Whip Hand, Halley yana bin diddigin dalilin da ya sa ingarmu da ake sa wa rai suke gazawa ranar gasa, sai mugun da ke bayan abin ya yi barazanar raba shi da hannun da ya rage masa. Littafin ya lashe kyautar Gold Dagger da ta Edgar.

Iyali da rasuwa

Ya auri Mary Brenchley a 1947, ita ce abokiyar aikinsa wajen bincike har ta rasu a 2000. Daga baya ya yi rubutu tare da ɗansa Felix. Ya rasu a tsibirin Grand Cayman yana da shekara 89.