Nana Asma'u, malamar manyan mata

 A wannan fitowa mun ga ya dace mu ba da tarihin wata malama wadda ta rasu tun 1864, amma aikinta ya shafi maganar da muke yawan yi a kan karatun manya, musamman na mata. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Ba baƙuwa ba ce gare mu. An haifi mahaifinta a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a 1754. Ita kuwa an haife ta a Ɗegel wajen 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, sunan uwarsu Maimuna. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta tashi cikin yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Duk da haka karatu bai tsaya ba a gidansu. Ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanta.

Mun sani cewa kakannin da yawa daga cikinmu, na Maraɗi da Tsibiri, suna ɗaya ɓangaren ne a waɗannan yaƙe-yaƙe. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kuma sha kashi a Gawakuke a 1836. Ba mu zo ta da tsohon miki ba. Amma a nan ne aikinta ya samo tushe, don yaƙi ya tara mata masu yawa a garuruwan ribaɗi da ƙauyukan kewayen Sakkwato da Wurno, wasu kamammu, wasu mazansu sun mutu, galibinsu Hausa kaɗai suke ji. Littattafan malamai kuwa da Larabci suke, waƙoƙin wa'azi da yawa da Fulatanci. To, wa zai karantar da su, da wane harshe?

Dabarar da ta yi ita ce abin da muke so a duba da kyau. Ba ta gina makaranta ta ce kowa ya zo ba, don ta san matar aure mai goyo da daka da ɗiban ruwa ba ta da halin barin gida. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace ɗaya jaji, wato sunan da ake ba jagoran ayari. Takan sa mata malfa, ta ɗaura jan rawani a kai. Duk wanda ya san Gobir ya san malfa kayan Inna ce, shugabar mata da ƴan bori. Nana Asma'u ba ta yar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, ta ɗora ta a kan malama. A ganinmu wannan hikima ce babba.

Jaji takan taho da ayarinta, tsofaffi da ƴan mata waɗanda ba su yi aure ba, su yi tafiyar ƙasa har gidan malama. Sukan riƙo abin da ya sawwaƙa, kamar hatsi, zuma, man shanu da zare, ita kuma ta rabar ga mabukata. Su zauna su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan da ke cikin gida. Su ne ake kira Ƴan Taru.

Da yake yawancinsu ba su iya rubutu ba, sai ta zuba karatun cikin waƙa, yadda mace za ta riƙa rerawa tana kaɗi ko niƙa har ya zauna mata. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka, akwai masu koyar da tsarki da salla da haƙƙin maƙwabci da kula da maras lafiya. Waƙar Gewaye ta ba da labarin jihadi, ta kuma mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai wajen 60. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta rubuta tarihinta a 1989, daga baya ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda a 1997.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne ba sarakuna da manyan malamai kaɗai ta yi wa waƙar ta'aziyya ba. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata tata, ta yaba wahalar da ta sha wajen kai da kawo da ɗalibai. Malamin da ya san darajar almajirinsa haka ba shi da yawa.

Har yau a ƙauyukanmu akwai mai gidan da ke hana matarsa zuwa ajin yaƙi da jahilci, wai addini ne ya hana. Ga ɗiyar Shehu, matar waziri, uwar waziri Abdulƙadir, ta ƙare rayuwarta tana neman matan ƙauye da karatu har cikin ɗakunansu. Masu ci-rani kuma sun san zafin abin, ranar da saƙo ya zo gida sai an nemi ɗan maƙwabci ya karanta wa uwar gida sirrin mijinta.

Ta rasu tana da shekara 70 da ɗoriya, aka rufe ta a Hubbare, kusa da mahaifinta, a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar jajoji bayanta, Ƴan Taru kuma suka ci gaba da zuwa har bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.