Malam Aminu Kano (1920-1983)

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a 1920. Ya koyar a Midil ta Bauci, sa'an nan ya bar malanta ya rungumi siyasa, har ya shugabanci NEPU daga 1953. A wancan zamani En'e kan hana 'yan NEPU izinin lacca, alƙalai su ɗaure su, alhali 'yan NPC na tasu laccar ba mai ce musu uffan. Wannan awo da mudu biyu shi ne Malam ya yi ta yaƙa. Ya riƙe kwamishinan sadarwa da na lafiya a gwamnatin Gowon, ya sauka bai tara dukiya ba.

Sai dai cutar ta biyo shi har gida. Da PRP ta rabu a 1980, 'yan Taɓo suka la'anci Abubakar Rimi da Balarabe Musa don sun kusanci UPN, 'yan Santsi kuwa suka zargi Malam da kusantar NPN. Kowane ɓangare ya ɗauki ƙawancen ɗan'uwansa cin amana, nasa kuwa dabara. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyar ba ta ɗinke ba.